Kaya na da takarda, huhu ba shi da ita

Duk yarjejeniyar haɗe kasuwanni da na taɓa karantawa, sashen da ya shafi kaya a tsare yake tsaf: harajin kwastan nawa ne, a wace ƙasa aka ƙera abu, wa zai yanke hukunci in rigima ta tashi. Da an iso wajen lafiyar masu ƙera kayan da mutanen da ke zaune kusa da masana'antu, sai murya ta yi laushi, a koma alkawarin yin ƙoƙari da musayar bayanai. Aikina ya fi karkata ga takardun neman diyya na mutanen da suka yi ƙwadago a wata ƙasa suka koma gida da ciwo, kuma a kan teburin nan na ga abin da wannan laushin murya ke haifarwa.

Arewacin Amurka ne ya fara buɗe mini ido tun ina ɗalibta. A 1994 yarjejeniyar ciniki ta NAFTA ta fara aiki tsakanin Amurka da Kanada da Meziko, aka rataya mata wasu ƙananan yarjejeniyoyi biyu, ɗaya kan ƙwadago, ɗaya kan muhalli. A rubuce, ana iya cin ƙasa tara in ta yi ta sakaci da dokokinta na kare lafiyar ma'aikata. A aikace, har aka maye gurbin NAFTA a 2020 babu ƙorafin ƙwadago ko ɗaya da ya kai ga tara. Iyakarsa ministoci su zauna su tattauna.

A birnin Tijuwana da ke bakin iyakar Meziko da Amurka akwai wata masana'anta, Metales y Derivados, da ke narka tsofaffin batura tana cire dalma. Hukumomin Meziko suka rufe ta a 1994, mai ita ya tsallaka Amurka ya bar dubban tan na dagwalon dalma a kan tudu, unguwar ma'aikata kuma tana gindin tudun. Mazauna unguwar suka kai ƙara hukumar muhalli ta ƙasashen uku a 1998. Rahoto ya fito a 2002 ya tabbatar da haɗarin, amma hukumar ba ta da ikon tilasta wa kowa komai. Sai wajen 2008 aka kammala gyaran wurin, bayan matan unguwar sun ƙi yin shiru. Yaron da aka haifa shekarar da aka rufe masana'antar ya kai shekara 14 kafin nan, dalma kuwa ƙwaƙwalwar yara ta fi yi wa illa, illar da ba ta gyaruwa.

Abin da ya biyo baya ya fi damuna. A 2008 Amurka ta tsaurara ma'aunin dalmar da aka yarda ta kasance a iska har ninki goma. Mataki ne mai kyau ga mutanenta. Sai dai a waɗannan shekarun yawan tsofaffin baturan da ake tura wa Meziko ya yi ta hauhawa, kamar yadda rahoton hukumar ƙasashen uku na 2013 ya nuna. Ba wanda ya karya doka. Idan an buɗe iyaka, kuma doka ta yi tsauri a wannan gefe ta yi sako-sako a wancan, guba takan bi gangara kamar ruwan sama. Tun daga nan, duk sanda na ji wata ƙasa tana murnar ta kawar da wani haɗari, nakan tambayi ina ya koma.

Tarayyar Turai ta bi wata hanya dabam. A 1989, tun kafin kasuwarta ta bai ɗaya ta kankama, ta kafa dokar da ta ɗora wa kowane mai ɗaukar ma'aikata nauyin tantance haɗarin wurin aikinsa, ta kuma sa ƙa'idojin da babu ƙasar da za ta yi ƙasa da su. A 2005 ta haramta asbestos gaba ɗaya, wato ma'adinin nan mai zare-zare da ake sa wa a kayan gini, wanda ƙurarsa ke lalata huhu. A 2007 dokar sinadarai ta REACH ta juya lamarin: kamfani ne zai kawo bayanin illar sinadarinsa kafin ya sayar. Ko a gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya lafiya ta taɓa yin nasara, lokacin da Kanada ta yi ƙarar Faransa kan haramta asbestos, aka ba Faransa gaskiya a 2001. Ita kanta Kanada ta haramta shi a 2018. Amma ban cika yabon Turai ba, domin akwai magungunan feshi da ta hana manomanta amfani da su, ana kuma ci gaba da haɗa su a can ana sayar wa wasu nahiyoyi. Kariyar ta tsaya daidai inda iyakar tarayyar ta tsaya.

Ƙididdigar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 2023 ta ce kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar aiki, kuma kimanin miliyan 2.6 daga cikinsu cuta ce ke kashe su, ba hatsari ba. Wannan rabon shi ne tushen wahalar aikinmu. Hatsari na faruwa a gaban shaidu, ranar da mutum ke bakin aiki. Cutar ƙura da ta sinadari kuwa sai bayan shekara goma ko ashirin take bayyana, lokacin da kwangila ta ƙare, mutum ya koma ƙasarsa, kamfanin ma wataƙila ya sauya suna.

Babu inda wannan ya fito fili kamar kudancin Afirka. Fiye da ƙarni guda mahaƙar zinariya ta Afirka ta Kudu tana ɗibar maza daga Lesoto da Mozambik da Malawi da Botsuwana da Eswatini. Ƙurar dutse kan taru a huhu ta zama silikosis, ciwon da ba ya warkewa, wanda kuma ke ninka haɗarin kamuwa da tarin fuka. Mutum ya koma ƙauyensu da tarin fuka, ya sa wa matarsa da 'ya'yansa, asibitin ƙasarsu ya ɗauki ɗawainiya, ribar zinariyar tana can wata ƙasa. Dokar Afirka ta Kudu ta 1973 ta ba tsohon mahaƙi damar gwajin lafiya duk shekara biyu da kuma diyya, har ma in ya rasu ana iya bincika huhunsa da zuciyarsa da yardar iyalansa don a biya magada. To, wa zai ɗauki huhun mamaci daga tsaunukan Lesoto ko karkarar Mozambik ya kai Johanasbag? A 2012 shugabannin SADC, ƙungiyar ƙasashen kudancin Afirka, suka sa hannu kan sanarwar yaƙi da tarin fuka a mahaƙai. A 2018 manyan kamfanonin zinariya shida suka amince su biya rand biliyan 5, kotu ta tabbatar a 2019. Kuɗi ya samu, sai aikin ya koma neman mutanen da tabbatar da cewa sun yi aikin, da yawansu kuma sun riga mu gidan gaskiya.

Irin wannan na gani da idona, a wani yanki dabam. Wani dattijo da ya yi shekaru yana fasa dutse a ƙasar maƙwabta ya zo da jikansa. Daga ƙofa zuwa kujera sai da ya tsaya ya dafa bango. Ya kwance leda ya fito da katin shaida wanda hoton ya goge, da katin asibiti da ke nuna an yi masa maganin tarin fuka ya sha har ƙarshe, tarin bai tafi ba. Na ɗaga hoton ƙirjinsa a haske, ga ɗigo-ɗigo fari ya cika saman huhun biyu.

Na ce, "Baba, ko akwai takardar albashi, ko da guda ɗaya ce?"

Ya ce, "Ɗana, a hannu ake ba mu. Mai kwangila ne ya kai mu, shi ya san sunan kamfanin."

"A asibiti an taɓa tambayarka aikin da ka yi?"

Ya girgiza kai.

Buhun tsakuwar da ya fasa yana da takardar kwastan, da lambar mota, da hatimin iyaka. Shi ba shi da abin da zai nuna ya taɓa shiga wurin. Tun 1700 likitan Italiya Bernardino Ramazzini ya ce a riƙa tambayar majiyyaci sana'arsa, ga shi har yau katunan asibiti da yawa ba su da layin rubuta ta. Haɗin kan ƙasashe da ya fi amfani, a ganina, yana cikin irin waɗannan abubuwa marasa armashi: rajistar ma'aikata da ƙasashe biyu za su iya dubawa, gwaji ranar shiga aiki da ranar fita tare da ba ma'aikaci kwafinsa a hannu, hukumar diyya ta yarda da hoton ƙirjin da aka ɗauka a wata ƙasa, a kuma iya biyan mutum a inda yake zaune. Ba a yanka ƙyalle a kansu, shi ya sa suke zuwa ƙarshe a jerin ayyukan taro.

Haka batun sinadarai. Na sha ganin duro a ɗakin ajiya, rubutun jikinsa cikin harshen da babu mai karanta shi a wurin, ma'aikata suna kiransa da launin murfinsa. Yarjejeniyar Rotadam ta 1998 ta tanadi a sanar da ƙasa a nemi yardarta kafin a tura mata wasu sinadarai masu haɗari, amma saka sabon suna a jerin sai kowa ya amince, don haka ƙasashe 'yan ƙalilan suka yi shekaru suna hana a saka farin asbestos. Afirka ta ɗanɗana kuɗarta a Koko ta Najeriya a 1988, inda aka jibge dagwalon masana'antu daga Italiya, abin da ya taimaka wajen haifar da yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991 kan safarar dagwalo mai guba tsakanin ƙasashe. Duk da haka a 2006 aka zubar da dagwalon jirgin Probo Koala a wurare da dama na Abijan, sama da mutum 100,000 suka nemi magani. Yarjejeniya na nan, mai duba jirgin a tasha ne ba shi da kayan gwaji ko ƙarfin cewa a'a.

Ban yarda da masu cewa a rufe iyaka a huta ba. An ga yadda rufe iyakoki lokacin Ebola ta 2014 ya tura mutane hanyoyin daji inda ba mai auna zafin jikinsu. Aikin yaƙi da ƙanjamau a kan titin Abijan zuwa Legas, wanda ya haɗa Kwaddibuwa da Gana da Togo da Binin da Najeriya, ya kama hanya mafi ma'ana, domin ya bi direban tirela zuwa inda yake kwana yana jiran takarda, bai tambaye shi ɗan wace ƙasa ne ba.

Yarjejeniyar da ta gaji NAFTA ta zo da wani sabon abu: ana iya kai ƙarar masana'anta guda ɗaya, a kuma hana kayanta sassaucin haraji ko shiga kasuwa in ta tauye 'yancin ƙungiyar ma'aikata. An fara amfani da wannan a 2021 a wata masana'antar motoci da ke Silawo ta Meziko, ma'aikata suka sake zaɓe. Bai shafi ƙura ko guba kai tsaye ba, amma ma'aikacin da ke da ƙungiya ta gaskiya shi ke iya cewa ba zai shiga rami ba sai an kunna fanka.

Yanzu ga kasuwar bai ɗaya ta Afirka, wadda aka sa wa hannu a Kigali a 2018 aka ayyana fara ciniki a ƙarƙashinta a 2021, kuma ainihin yarjejeniyar ba ta da babi na musamman kan ƙwadago. A 2022 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta saka wurin aiki mai aminci da lafiya cikin haƙƙoƙi na asali da ke kan kowace ƙasa mamba, don haka akwai abin riƙewa. Idan aka gayyace mu zaman tattaunawa, yawanci bayan jami'an ciniki da na kwastan sun gama nasu, tambayoyi biyu nake kaiwa: in ma'aikaci ya kamu da ciwo shekara goma sha biyar bayan ya koma gida, wane ofishi zai je a garinsu, kuma asusun wace ƙasa zai biya shi?