Kafin ka rubuta layin farko na XSLT, tambayi injin

Ranar Asabar ɗan ƙanwata ya zo gidana a Mabera da laftof ɗinsa, yana ta zumuɗi. Ya samu aikin haɗa wa wani ɗan kasuwa rasit: bayanan ciniki na cikin fayil ɗin XML, shi kuma zai rubuta takardar XSLT da za ta mayar da su shafin da ake bugawa. Na leƙa allon, sai ga xsl:for-each-group reras, umarnin raba bayanai rukuni-rukuni, a kan Saxon, ɗaya daga cikin injinan da ke karanta takardar XSLT su aiwatar da ita. Na tambaye shi wane inji ne a kan sabar mai shagon. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kawu, ai a wurina yana aiki." Da na matsa, sai ya ce PHP suke amfani da shi. Gabana ya faɗi, don PHP kan injin libxslt ya dogara, shi kuwa libxslt bai wuce siga ta 1.0 ta XSLT ba, bai san wannan umarnin ba sam.

Wannan maganar tasa ni ma na taɓa yin ta, shekaru goma sha wani abu da suka wuce. Wata makaranta a nan Sakkwato ta ba ni aikin katin sakamakon ɗalibai. A kan Windows na rubuta komai, da MSXML, injin Microsoft. A siga ta 1.0, idan ka tara sakamako cikin xsl:variable ba za ka iya sake bin cikinsa ba sai ka juya shi, don haka na watsa msxsl:node-set ko'ina, lissafin matsakaicin maki kuma na cusa shi cikin msxsl:script. Ba zan ce duka laifina ba ne. Intanet a lokacin sai ka je kafe ka biya kuɗin awa, kuma duk misalan da na samu haka aka rubuta su. Amma na san sunan da ke gaban umarnin na Microsoft ne, na gani na kawar da kai.

Da makarantar ta koma sabar Linux, komai ya tsaya cik. Maganin msxsl:node-set ƙarami ne: exsl:node-set, wanda libxslt ya sani, har akwai function-available() da zan iya tambayar injin da shi kafin in kira. Lissafin ne sai an sake shi daga tushe. Ga zafin Afrilu, ga wuta ba ta tsayawa, ga hutu ya gabato. Cikin fushi na ɗora Saxon a kwamfutar ofis, na goge 1.0 a saman takardar na rubuta 2.0, don in samu sauƙin raba yara aji-aji. Shafi ya fito ba kuskure ko ɗaya. Na duba kati biyu na sababbin ɗalibai, na ce a buga.

Abin da ban sani ba, xsl:value-of a siga ta 1.0 abu na farko kawai yake ɗauka ya bar saura, a 2.0 kuwa duka yake jerowa da tazara a tsakani. Duk yaron da ke da makin zango uku, sai gurbinsa ya fito da lambobi uku a jere, kamar 45 62 71. Ɗaruruwan katuna aka buga aka raba. Har yau ina ganin wani dattijo tsaye bakin ofis cikin rana, katin jikarsa a hannu, yana tambayata a hankali, "Malam, wanne ne nata?" Bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi. Har yanzu ina ganin sauyi irin wannan ya kamata inji ya yi gargaɗi a kai, amma a rubuce yake a ƙa'idar siga ta 2.0 ta 2007, ni ne ban karanta ba.

Na so in ba ɗan ƙanwar tawa shawarwari da yawa, sai na ga ba su kai haka ba. Ka san injin da zai ɗauki aikinka kafin ka fara. Layi ɗaya ne: system-property('xsl:vendor') zai faɗa maka sunan mai shi, 'xsl:version' kuma sigarsa. Ku yaran yanzu kuna iya kwana kuna kwafo daga waya, amma wannan layi ɗayan ya gagare ku. Sannan ka gwada a kan inji biyu, xsltproc (na libxslt) da Saxon, ka kwatanta abin da suka fitar da idonka, da bayanan gaske masu ɗauke da sunaye irin Ɗanladi da Ƙasimu, domin xsl:sort ba lallai ya jera ɗ da ƙ iri ɗaya a kowane inji ba.

Na ce masa ya tsaya kan 1.0, tun 1999 take, kowa ya san ta. Daga baya kuma na ce kada ya azabtar da kansa da dabarar Muench ta xsl:key, wadda ake raba bayanai rukuni-rukuni da ita a 1.0, alhali 3.0 ta fito tun 2017. In mai shagon zai yarda a ɗora Java, ya riƙe Saxon ɗinsa. Ya ce, "To Kawu, wanne zan bi?" Na ce ya fara buga wa mutumin waya. Yana ta latsa allo, bai buga ba, sai da na karɓe laftof ɗin na rufe na ajiye kan tabarma.