Mun raba gadon Baba kafin mu san bashin da ke kansa

Mahaifinmu ya rasu cikin watan Agustan 2023, gero ya fara fitar da kai, a ɗan ƙauyenmu da ke tsakanin Gumel da Maigatari a Jihar Jigawa. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, bai daɗe yana jinya ba Allah ya karɓi abinsa. Ni ne babba a maza, saboda haka hidimar bayansa a wuyana ta faɗo, duk da cewa a Kano nake neman abinci tun ina saurayi. Jana'iza da zaman makoki ba ni da abin cewa a kansu sai godiya. Mutanen gari har gayya suka haɗa suka yi masa maiman dawar da ya bari. Abin da yake ci mini rai har yau shi ne rabon gado, da gona guda ɗaya da muka raba alhali ba a hannunmu take ba.

Baba manomi ne tun tashinsa, bai taɓa wata sana'a ba. Shekaru ma da amfanin gona yake ƙirga su. Zai ce maka an haifi wance bayan farin 1973 da damina biyu, ko ya ce ya daina dogaro da gyaɗa tun cutar da ta cinye ta a 1975, ya koma gero da wake, daga baya ya ƙara da riɗi da zoɓo saboda su ke kawo kuɗi a hannu. Irin da zai shuka baɗi shi yake zaɓa da kansa ranar girbi, zangarniya ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure su daban ya rataye a ƙuryar rumbu, ba mai taɓawa ko da tsabar gidan ta ƙare. Ƙotar fartanyarsa ta yi santsi ta lotsa daidai inda yatsunsa ke kamawa. Gonakinsa uku ne: ta bayan gari, ta tudu, sai wadda muke kira gonar gawo saboda manyan itatuwan gawo da ke cikinta. Ita ce mai albarkar. Gawo da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa shuka rana, da rani kuma dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna zuba taki. Geron gindin gawo daga nesa kana gane shi. Baba bai taɓa yarda a sa wa ɗayansu gatari ba.

To amma duk wannan sani a kansa yake. Ba littafi, ba takarda. Kuma mutum ne mai zurfin ciki, musamman a kan bashi, don a wurinsa 'ya'ya su san ana bin ubansu kuɗi abin kunya ne.

Wajen shekara shida kafin rasuwarsa, wani maƙwabcinmu ne ke noma gonar gawo. Mu da ke birni mun ɗauka aro ne, tunda gwiwa ta fara damun Baba ya rage aiki. Ranar jana'iza liman ya yi tambayar da aka saba, ko akwai mai bin mamaci bashi. Mutum biyu suka yi magana, ɗaya na taki, ɗaya na ɗinki, aka biya su kafin sadakar uku. Maƙwabcin nan yana cikin sahu, bai ce uffan ba. Daga baya da na tambaye shi dalili, cewa ya yi: «Ɗana, gona tana hannuna, mene ne na ɗaga murya a kan gawa? Na ɗauka kun sani.»

Bayan sadakar arba'in Baffa ya matsa a raba, wai kada a bar magana ta kwana har shaiɗan ya shiga tsakani. Kowa ya ga hikimar hakan, ga kuɗin mota ya ninka tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun shekarar, ba mai son ya yi ta zirga-zirga. Aka kira malami, aka auna gonaki da igiya, aka yi musu kuɗi. Inna ta ɗauki tumuninta, saura aka kasa goma tsakanin maza uku da mata huɗu. Gonar gawo ta faɗa a rabon matan su huɗu. Shanun huɗa guda biyu kuwa aka kai su kasuwar Maigatari aka sayar, aka raba kuɗin a take.

Inna tana ɗaki tana takaba. Ba wanda ya shiga ya tambaye ta komai. An dai aika an gaya mata abin da ya zama nata, ta ce Allah ya sa albarka.

Sai da bazara ta gabato, mijin Yaya ya tura amalanke da takin gida zuwa gonar gawo, maƙwabcin ya tare shi a bakin iyaka ya ce gonar jingina ce. A daminar 2017 ɗaya daga cikin shanun Baba ya mutu ana gab da huɗa, shi ne Baba ya karɓi kuɗi a wurin maƙwabcin ya sayi wani sa, ya ba shi gonar ya riƙe har ranar da za a mayar da kuɗin. Wato ɗaya daga cikin shanun da muka sayar muka raba kuɗinsu, da bashin nan aka saye shi. Ƙanena ya riga ya sa nasa kason a kayan lefe. Wata ƙanwata ta biya kuɗin makarantar yara. Ni kaina nawa ya shige cikin jari.

Da na je wurin Inna, ba ta ko yi mamaki ba. Ta ce: «Ai na sani. A gabana ya ƙirga kuɗin a kan tabarmar nan. Da kun tambaye ni da na gaya muku.» Na fito daga ɗakin jikina a sanyaye. Matar da ta yi sama da shekara arba'in da shi, ita ke auna hatsin da ake fitarwa daga rumbu kullum, ita ce aka tsallake aka je ana tambayar maza a zaure.

Sannan rigimar adadi ta taso. Inna ta ce naira dubu ɗari da ashirin ne, maƙwabcin ya ce dubu ɗari da hamsin. Shaidu biyu ne, ɗaya ya riga Baba rasuwa. Ɗan maƙwabcin kuma ya kawo tasa, wai kuɗin 2017 ba kuɗin yanzu ba ne, sai dai mu biya farashin sa a kasuwar yau. A gaban dagaci aka zauna. Liman ya ce bashi da adadin da aka karɓa ake biyansa, ƙari a kai riba ne, ya kuma tuna wa yaron cewa shekara da shekaru suna kwasar amfanin gonar. Shaidan da ya rage, tsoho ne ƙwarai, ya ce dubu ɗari da ashirin aka fara bayarwa, bayan sallah Baba ya koma ya karɓi talatin. Ashe kowa gaskiya ya faɗa, Inna ba ta ga na biyun ba ne. Da tsohon nan ya rasu kafin ranar, sai dai kotu da rantsuwa, da gabar da jikoki za su gada.

Kuɗin ba su ne suka fi ciwo ba. Warware rabon da aka riga aka ƙulla shi ne tashin hankalin. Ayar gado a Suratun Nisa'i a fili take, ana rabo ne bayan wasiyya da bashi, don haka dole kowa ya mayar da wani abu gwargwadon abin da ya ɗauka, har Inna. Wanda ya kashe nasa sai ya nemo. Ƙanena ya ce matan su fanshi gonarsu tunda tasu ce, Yaya ta ce da ma an san abin da aka yi aka tura musu gonar da ke da magana. Ba haka ba ne, Allah shi ne shaida, amma ta yaya za ka cire wannan daga zuciyar mutum? Ƙari a kan haka, maƙwabcin ya riga ya zuba taki, aka yanke cewa sai ya girbe kafin ya saki. Matan suka rasa damina guda cur a gona mafi kyau. Yaya tana ɗaukar wayata yanzu, amma gaisuwar ba ta kai ta da tsawo ba.

Duk wanda irin wannan hidima ta hau kansa, kada ya yarda tambayar liman a bakin kabari ta wadatar. A ƙauye mai riƙe da jingina ba ya ɗaukar kansa mai bin bashi, shi a ganinsa an riga an gama magana. Kowace gonar da ba mamaci ne yake noma ta da hannunsa ba, a je gidan mai noma ta a zauna a tambaye shi a fili: aro ne, haya ce, ko jingina? Nawa ne, kuma su wa suka shaida? A shiga ɗakin mai takaba a tambaye ta, takaba ba ta hana magana da 'ya'yanta ba. Kada a sayar da dabba ko a buɗe rumbu don rabo sai an tabbata. Bari a yi girbi, a fitar da zakka, masu bin bashin taki da na iri su fito, tunda yawancinsu da kaka suke zuwa. Gaggawar da muka yi don gudun saɓani ita ta jawo shi.

Ranar da muka fanshi gonar, an rubuta takarda a gaban dagaci, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, na ɗauki hotonta na tura wa duka 'yan'uwa. Liman ya karanta mana ayar bashi ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, wadda ta ce a rubuta. Daga nan muka zaga iyakokin gonakin uku da maƙwabta, muka sake dasa gamba inda ta mutu.

Kafin in koma Kano na zaunar da Baffa da biro da littafi, na ce ya faɗa mini nasa. Da farko ya ƙi, ya ce ko fatan mutuwa nake yi masa. Sai da Gwaggo ta sa baki ya yarda. Gona biyu gare shi a hannun mutane, ɗaya tun 2012, kuma babu ko ɗaya cikin 'ya'yansa da ya sani.