Abin da baƙin shafen duwatsu ya koya mini game da neman rai a duniyar Mars

A karatun ilimin duwatsu da ma'adinai da na yi a nan Damagaram, babu abin da ya riƙe hankalina kamar baƙin shafen nan mai sheƙi da ke lulluɓe duwatsun hamada. Duk wanda ya taso tsakanin manyan duwatsun unguwar Birni ya saba ganin dutse baƙi a waje, in an fasa shi kuwa a tarar da cikinsa da haske. Malaminmu ya fara da gargaɗin cewa ba kowane baƙi ne shafen ba, domin wani gansakuka ne kawai da ke bin hanyar ruwan damina. Shafen na ainihi mafi yawansa yumɓu ne da iska ke kawowa, irin ƙurar hunturu, sauran kuwa tsatsar ƙarfe ce da ta manganis, wani ma'adini ɗan'uwan ƙarfe, kuma kaurin da yake ƙarawa a shekara 1000 bai kai na gashi ɗaya ba. Shi ya sa masu nazarin zane-zanen duwatsun Ayar da ke arewacin Nijar suke duba duhun layin sassaƙa don su gane wane zane ya girmi wani.

Manganis ɗin ne ya daɗe yana ɗaure wa masana kai, domin yawansa a cikin shafen yakan ninka na ƙurar da ke kewaye sau 50 ko fiye. Wasu sun ce aikin raɓa da rana ne kaɗai, wasu suka ce da hannun ƙananan halittun da ido ba ya gani. A 2021 masu bincike a Amurka suka nuna cewa wata bakteriya mai rayuwa da hasken rana tana tara manganis a jikinta don ta kare kanta daga ƙunar rana da fari, in ta mutu kuma ya zauna a kan dutsen. Hujja ce mai ƙarfi, na kuma karkata gare ta. Duk da haka, ganin ƙadangare a jikin garu bai nuna shi ya gina garun ba, kuma wannan bambanci tsakanin mazauni da magini shi ne babban abin da karatun ya dasa mini.

Amfaninsa ya fito fili da na koma kan duniyar Mars. Na'urar Curiosity, wadda ta sauka can a 2012, ta gano duwatsu masu yawan tsatsar manganis, aka fara cewa alama ce ta iskar oksijin mai yawa a zamanin da. A 2022 sai gwaji ya nuna cewa wasu gishirai masu ɗauke da sinadaran kulorin da buromin na iya yin wannan aikin ba tare da oksijin ko wani mai rai ba. Irin haka ta faru a 1996, lokacin da aka sanar da ganin abin da ya yi kama da burbushin bakteriya a wani dutsen Mars da ya faɗo duniyarmu aka tsince shi a Antatika. Daga baya mafi yawan masana suka gamsu cewa sinadarai kaɗai na iya haifar da siffofin. Ko ɗigo-ɗigon da na'urar Perseverance ta gani a wani dutse a 2024, hukumar NASA ba ta ce rai ba ne, ta ce mai yiwuwa alamarsa ce. Ina girmama wannan kamun baki, musamman da yake dutsen da ke hannunmu a nan duniya ma har yau ba a gama jayayya a kansa ba.

Wannan ya sauya yadda nake aiki a daji. Ba na taɓa samfur da hannu tsirara, domin ƙwayoyin fatata za su iya bayyana a gwaji a ɗauke su na dutsen ne. Nakan rubuta inda fuskar dutsen ta dosa, da ko ruwa na bi ta kanta, sannan in haɗa da ƙurar gindinsa, saboda ba a sanin manganis ya yi yawa sai an auna shi da na ƙasar wurin.