Sake tayar da inji a sama: wahalar sashe na uku na rokar Saturn V

Mai kallon tashin Saturn V ta Amurka, a zamanin tafiye-tafiyen Apollo zuwa Wata, idonsa yana kan sashen ƙasa, mai injuna 5 da aman wuta. A ganina kuwa, aikin da ya fi cin ƙwaƙwalwa yana can sama, a sashe na uku mai suna S-IVB, ƙirar kamfanin Douglas. Inji ɗaya gare shi, J-2, kuma dole ya kama sau biyu. Na farko kamar minti biyu da rabi, ya kai kumbo kewayen Duniya. Sai a kashe shi fiye da sa'o'i biyu, sannan ya sake tashi kamar minti shida ya cilla kumbon zuwa Wata.

Makamashinsa haidurojin ne da aka sanyaya har ya zama ruwa, a digiri 253 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, da oksijin a digiri 183 ƙasa da sifili. Da zarar inji ya mutu, nauyi ya ɓace, ruwan ya tashi daga gindin tanki ya shiga yawo. Famfo kuwa in ya zuƙi kumfa maimakon ruwa, inji ba zai kama ba. Dabarar da aka yi ta burge ni: tururin haidurojin da ke tafasa a hankali, wanda dama dole a zubar, sai aka riƙa sakinsa ta baya, yana ɗan tura rokar gaba, ruwa na kwanciya a gindi. Kafin a kunna kuma, ana zagaya da ruwan ta cikin bututu da famfo su yi sanyi tukuna. A Yulin 1966 har an harba wata roka, AS-203, da kyamara a cikin tankinta don a ga halin ruwan.

Duk da haka, ranar 4 ga Afrilu 1968, a tafiyar Apollo 6 da ba kowa a ciki, injin ya ƙi tashi a karo na biyu. Ɗan siririn bututun da ke kai haidurojin wurin tartsatsin kunnawa ne ya fashe, daidai wata gaɓa mai lanƙwasa da ruwan ke girgiza ta in yana wucewa. Me ya hana a gane haka a gwajin ƙasa? Iska. A ƙasa, sanyin bututun yana sa iskar da ke kewaye ta zama ruwa a jikin gaɓar, ta danne girgizar. A sama babu iska, sai ƙarfen ya yi ta kaɗawa har ya tsage. Sai da aka maimaita gwajin a ɗakin da aka zuƙe wa iska sannan laifin ya fito fili.

Aka cire gaɓar, aka sa bututun ƙarfe mara tsatsa mai 'yan kwana. A Disambar 1968, J-2 ya sake kamawa a sama, ya tura 'yan sama jannati uku na Apollo 8 zuwa Wata.