Wasiƙa Daga Jamus: Ku Nemi Ɗaki Kafin Ku Yanki Tikiti

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina fata kowa yana lafiya, ya iyali, ya sanyi. Ku yi haƙuri gaisuwar ta tsaya nan, maganar da ke bakina tana da tsawo.

Tun da aka fara neman gurbin karatu na bana wayata ba ta huta ba. Ƙanne daga Kano da Zariya, har da wani bawan Allah daga Maraɗi da ya karɓi lambata a hannun ɗan uwansa, duk tambayarsu ɗaya ce: "Yaya, da gaske karatu kyauta ne a Jamus? Nawa mutum zai tanada?" Cikin dare nake amsa musu ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci barci ya kwashe ni ban ƙarasa ba. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta gaba ɗaya. Zan taɓo masauki, da kuɗin wata, da abinci, da aiki, in hali ya yi har da yadda muke azumi a nan.

Gaskiya ne galibin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin koyarwa, sai ɗan kuɗin zango da kowane ɗalibi ke biya sau biyu a shekara. Jihar Baden-Württemberg ce ta fita daban, tun 2017 take karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba, kuma jami'ar fasaha ta Munich ita ma ta fara karɓar nata a 2024. Amma karatun ne kyauta, zama ba kyauta ba ne. Kafin a ba ka biza sai ka nuna abin da za ka ci na shekara guda, kuma hanyar da aka fi bi ita ce asusun da ake kullewa, wanda suke kira Sperrkonto. Tun Satumban 2024 Yuro 11,904 ake zubawa a ciki, duk wata a sako maka 992, ko ƙwandala ba a ƙarawa. Mutanen Nijar lissafinsu mai sauƙi ne, tunda sefa a ɗaure take da Yuro, kusan 656 kowane ɗaya. Mu 'yan naira kuwa sai mutum ya tambayi 'yan canji a ranar da zai biya.

Abin da ba a gaya mana ba shi ne wannan 992 lissafi ne na ƙasa baki ɗaya, bai san garin da za ka sauka ba. A Munich ɗaki ɗaya tal a gidan da ake tarayya yana kusantar Yuro 800 a wata. Ka cire inshorar lafiya, wadda dole ce kafin jami'a ta yi maka rajista kuma ta haura 120, ka ga abin da ya rage maka na cefane. Berlin da Frankfurt da Hamburg su ma suna biye. A gabashin ƙasar kuwa, irin su Chemnitz da Magdeburg, ana samun ɗaki da ƙasa da rabin kuɗin Munich, kuma shaidar kammalawar da za a ba ka ta Jamus ce dai. Da ni ne ke zaɓe yau, da sai na duba kuɗin hayar gari kafin in duba sunan jami'a.

Masauki mafi rahusa shi ne gidajen kwanan ɗalibai da hukumar walwalar ɗalibai ta kowane gari, Studierendenwerk, ke kula da su. Akwai gado da tebur, wuta da ruwa da ɗumama duk suna cikin kuɗin. Sai dai kusan ɗalibi ɗaya cikin goma kawai suke iya ɗauka, kuma a manyan birane mutum kan yi zango ɗaya ko biyu yana layi. Wurare da dama suna karɓar sunanka tun takardar gurbi ba ta fito ba, don haka duk wanda ke da niyya ya saka sunansa yanzu. Wanda bai samu ba sai ya koma gidan tarayya, WG suke ce masa, kowa da ɗakinsa, kicin da banɗaki na kowa. Ba mai gida ne kaɗai ke zaɓe ba, mazauna gidan ne za su kira ka su zauna da kai su ga ko jininku zai haɗu, kuma kai da mutum goma ko ashirin kuke neman ɗakin. A wannan zaman ka faɗi gaskiyarka tun wuri: ba ka cin alade, ba ka shan giya, kana tashi sallar asuba, za su ga buta a banɗaki. Yawancinsu ba su damu ba, abin da ke ɓata musu rai shi ne a bar ƙasan banɗaki a jiƙe ko a tsallake ranar shara. Sannan a irin gidajen nan maza da mata kan zauna tare, wanda hakan bai kwanta masa ba ya tambaya kafin ya sa hannu. Kama gida sukutum kai kaɗai kuwa ban ba sabon zuwa shawara ba. Da yawa wayam ake ba da su, babu murhu babu wurin wanke kwano, wani ko fitila babu sai wayoyi suna reto daga silin.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai, wanda saboda shi ne ma na ɗauki alƙalami. A gida in ka biya mai gida kuɗin shekara ya miƙa maka mukulli, magana ta ƙare. A nan mukulli farkon magana ne. Doka ta ce cikin mako biyu da tarewa ka je ofishin gari ka yi rajistar adireshinka, wato Anmeldung. Ba za su yi maka ba sai da takarda daga wanda ya ba ka ɗakin, mai tabbatar da cewa lallai a nan kake kwana, kuma tun Nuwamban 2015 aka mayar da takardar nan dole. Ita rajistar ce uwar komai. Da ita galibin bankuna ke buɗe maka asusun yau da kullum, shi kuma asusun nan ta cikinsa ake sako maka kuɗinka da aka kulle. Bayan ta ne ake aiko maka da lambar haraji, wadda duk mai ɗaukar ka aiki zai tambaya. Da ita kuma za ka je ofishin baƙi a mayar da bizarka takardar izinin zama.

Ni na sauka farkon Oktoba, lokacin da ake buɗe zangon hunturu kuma kowa ke neman ɗaki, a wani gari da ba shi da nisa da Bonn, inda muryoyin da muka taso muna ji a sashen Hausa na DW ke fitowa. Mako uku na yi a kan katifa a ɗakin wani ɗan uwa Bahaushe ɗan zangon Kumasi da na haɗu da shi a masallaci ranar Juma'a. Allah Ya saka masa da alheri, bai taɓa ɓata fuska ba, amma yarjejeniyar hayarsa ta mutum ɗaya ce, ba shi da ikon sa mini hannu. Da na matsu sai na kama wani ɗaki a hannun wanda shi ma ɗan haya ne. Ya gaya mini tun farko cewa babu rajista, ni kuma na ɗauka ƙaramin abu ne da za a daidaita daga baya. Wata biyu ina zaga wuri ɗaya. Banki ya ce in kawo shaidar adireshi, ofishin gari ya ce in kawo takardar mai gida, mai ɗakin ya ce ai mun yi magana. Kuɗina na nan ina ganin adadinsa a waya, kuɗin da mahaifina ya sayar da fili ya haɗa, amma ko burodi ba zan iya saya da shi ba. Ɗan guzurin da na riƙo a hannu shi na yi ta lallaɓawa, bizata kuma kwanakinta suna tafiya. Ban gaya wa kowa a gida ba, don na san Hajiya ba za ta yi barci ba.

Don Allah ƙannena, duk ɗakin da aka ce muku babu rajista, komai arharsa, ku ɗauke shi masaukin 'yan kwanaki ne kawai. Ku riƙo kuɗi a hannu na aƙalla wata biyu banda wanda aka kulle, domin akwai kuɗin ajiya da mai gida ke karɓa ya riƙe a matsayin jingina. Doka ta yarda ya kai na hayar wata uku, banda kuɗin ɗumama da ruwa, ta kuma yarda a biya shi kashi uku, ko da yake ba kowane mai gida ne zai tuna maka ba. Kada ku tura wa kowa kuɗi daga gida a kan hoton ɗaki. Duk wanda ya ce yana ƙasar waje, ka biya zai aiko maka da mukulli, ɗan damfara ne. Ranar da kuka tare, ku rubuta sunanku a jikin akwatin wasiƙa, sunan da ke cikin fasfo. Mai raba wasiƙa suna yake dubawa, in bai gani ba ya mayar, kuma a ƙasar nan katin banki da lambar haraji da sammacin ofis duk a ambulan suke zuwa. A ambulan ɗin ma za ku ga takardar kuɗin rediyo da talabijin, Yuro 18.36 a wata kan kowane gida, ko kuna kallo ko ba kwa kallo. 'Yan gida ɗaya raba shi suke yi.

Sanyi ma kuɗi ne. Haya iri biyu ake rubutawa, "mai sanyi" wato kuɗin ɗaki zalla, da "mai ɗumi" wadda aka haɗa da ɗumama da ruwa da kwashe shara. Ta biyun za ka duba, ita ma ƙiyasi ce. Ƙarshen shekara ake lissafi, in ka ƙona fiye da abin da ka biya a aiko maka da ciko, kuma waɗanda suka ga tsadar gas ta 2022 har yanzu suna labarinta. Hunturuna na farko na toshe taga ruf kamar yadda muke yi lokacin hazo, na ƙure hita, ina shanya kaya a ciki. Kafin Fabrairu baƙar fumfuna ta fito a kusurwar bango bayan kabad. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta nuna mini: ka kashe hita, ka wangale taga gaba ɗaya na minti biyar zuwa goma, safe da yamma, ko ana zuba dusar ƙanƙara, sannan ka rufe. Fumfunar nan in ta kama bango, daga kuɗin ajiyarka za a iya cire na gyara.

Abinci in kana girki da kanka ba shi ne zai karya ka ba. Kantunan Aldi da Lidl suna da rahusa, naman halal yana shagunan Turkawa da Larabawa, shagunan 'yan Afirka kuma akwai doya da manja da kuɓewa amma da tsada. Ku taho da yaji da kuka da daddawa, kilishi dai ku bar shi a gida, ba a shigo da nama. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke. Aiki kuwa, tun Maris na 2024 an yarda ɗalibi ya yi cikakkun kwanaki 140 a shekara, mafi ƙarancin lada a 2025 kuma Yuro 12.82 ne a awa, amma wanda bai iya Jamusanci ba kada ya sa wannan a lissafin watanninsa na farko.

Maganar azumi sai wani jiƙon, dare ya yi kuma gobe da sassafe zan raka wani sabon zuwa ofishin gari. Jiya mai gidansa ya sa masa hannu a takardar.

Ku gaida mutanen gida.