Godiya: yarinyar nan ta sauka Oxford lafiya

Alhamdulillahi. Yarinyar ta sauka lafiya a Jami'ar Oxford ta Ingila, inda ta samu tallafin karatu na Rhodes, ta kira, har sun ba ta makullin ɗakinta.

Na san ba a san uwa da fitowa bainar jama'a tana zancen 'yar fari ba, ko sunanta ba na kamawa. Ku yi mini afuwa yau ɗaya, nauyin godiyar ya fi ƙarfin kara.

Kun bi mu tun daga cike takardun neman tallafin har ganawar ƙarshe, ba sai na maimaita ba. Abin da da yawanku ba ku sani ba shi ne ranar hoton ƙirji a Abuja. Duk ɗan Najeriya da zai zauna Ingila fiye da wata shida sai an gwada shi tarin fuka kafin biza. Likita ya ɗaga hoton ya ce akwai tabo a huhu, sai ta ba da majina, kuma sakamako kan kai sati takwas. Ga karatu ana farawa a Oktoba. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zube a barandar asibitin. Wata dattijuwa mai goge-goge ta jingine tsintsiyarta, ta shimfiɗa mini sallayarta, ta kawo ruwa a kofin da take sha. Ta ce, "Hajiya, tabo ba cuta ba ne sai an gwada. Da yawa na gani sun shiga nan da kuka sun fito da takarda." Ba ta tashi ba sai da numfashina ya daidaita. Baiwar Allah, sakamako ya fito ba komai. Allah ya jiƙan magabatanki, ya kai ki ɗakinsa, ya ba 'ya'yanki abin da ya fi wannan.

A makonnin jiran nan ne yarinyar take karanta mini sunayen waɗanda suka ci wannan tallafi na Rhodes, wai don ta ɗauke mini hankali. Bill Clinton a 1968, tun bai san zai mulki Amurka ba. Susan Rice, wadda daga baya ta zama jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1986. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne Howard Florey ɗan Ostireliya, wanda aikinsa a Oxford ya sa penisilin ya zama maganin da ake ba majinyata, har ya sami lambar Nobel a 1945. Tun 1902 wasiyyar Cecil Rhodes ta kafa tallafin, amma ba a fara ɗaukar mata ba sai 1977, kujerar Afirka ta Yamma kuma a 2017 aka buɗe ta. Kawunta ya ce kuɗin ɗan mulkin mallaka ne, kuma gaskiya ya faɗa. Daga ƙasar Afirka aka haƙo lu'ulu'un da ya tara dukiyar, ban ga laifi ba don 'yar Afirka ta yi karatu da ita.

Sun hana ni ambatonsu, amma sai na ambata. Malaminta na jami'a da ya zauna ya rubuta mata takardar shaida yana cikin zaman makokin mahaifinsa. Maƙwabciyata mai ƙosai ta bakin layi, da ta ba ni kwasar adashinta muka yi kuɗin mota. Goggo ta Fagge da ɗaliban Islamiyyarta da suka yi ta saukar Alƙur'ani. Allah ya saka muku da Aljannar Firdausi, ya rufa muku asiri duniya da lahira, ya shirya zuri'arku, kada ya bar ku da jira irin wanda muka yi.

Dangin marigayi mahaifinta da suka ce aure ya fi, na aika muku goron walima, mun ajiye muku tabarma har la'asar. Ba komai, 'yarku ce. Ku sa ta a addu'a, Allah ya tsare mata addininta da mutuncinta, ya dawo da ita ta amfani al'umma.

Waɗanda ban ɗaga wayarsu ba, wallahi gajiya ce. In na huta zan biyo ku gida-gida.