Inda aka kwana a aikin ƙafar gaba: bol ɗin da ya ƙi fita

Salamu alaikum 'yan'uwa masu koyo. Sati uku kenan da na ɗaga gaban motar nan da niyyar canza lowa-am guda biyu (ƙarfen ƙasa da ke haɗa ƙafar taya da jikin mota) da link ɗin sitabilaiza ('yar sandar da ke haɗa ƙafar da ƙarfen da ke rage karkatar mota a kwana), aikin da na yi zaton wuni ɗaya zai ci. Gefen dama tuni na gama, gefen hagu kuwa sai jiya bol na ƙarshe ya fito, shi ma gutsure uku. Bari in ba ku yadda ta kaya tun zafin abin bai huce ba.

Ranar farko link na fara taɓawa saboda shi ne ƙarami. Kun san irin wanda in ka juya notin sai sandar ta bi shi suna ta zagayawa tare, dole sai ka riƙe tsakiyar da alanki, wato ɗan ƙarfen nan mai kusurwa shida da ake zurawa a rami. Ramin alankin nawa mili 5 ne kuma ya cika da ƙasa da tsatsa, ban tsaya na share ba, alankin ya shiga rabi kawai, ina dannawa ya zame ya cinye ramin. Dan Allah ku fara sakace ramin da ƙusa, ku buga alankin da guduma har ya zauna ƙasa. Tunda sabo zan sa sai na yage robar na damƙe sandar ta baya da filaya mai kullewa, ya fita. Wannan ba wani abu bane.

Daga nan na fara jiƙa duk wani noti da zan taɓa. Buroshin waya tukuna a kan zaren da ya leƙo waje, domin in baka kankare tsatsar wurin ba, notin zai taso da ita gabansa ya cushe a hanya ko da ya motsa da farko. Sai man sassauta tsatsa safe da yamma kwana uku. WD-40 na yau da kullum an yi shi ne musamman don korar ruwa, yana ɗan taimakawa amma bai kai irin su PB Blaster ko Liquid Wrench da aka yi don ratsa zare ba. Wasu suna haɗa man giyar otomatik da asiton rabi da rabi, na gwada yana shiga sosai, sai dai suna rabuwa a kwalba sai ka girgiza duk lokacin da zaka zuba, kuma asiton na kama wuta nan take yana cin fenti. Bayan kowace feshi ina ɗan bubbuga gefen notin da guduma, ba duka na fasawa ba, girgizar ce ake so don tsatsar ta tsage mai ya samu hanya.

Notocin boljoyin (gaɓar da ke haɗa lowa-am da ƙafar taya) da na gaban lowa-am dukkansu da wannan dabarar suka fita. Soket mai kusurwa 6 nake sawa, mai kusurwa 12 a bakin kusurwa kawai yake riƙo shi ya sa yake goge kan noti mai tsatsa. Kuma ina fara ɗan ɗaurewa kaɗan kafin in kwance, in ya motsa sai gaba baya gaba baya ina ƙara mai, ba na cewa sai na fitar da shi a tashi ɗaya. In ya fara ƙara ƙiii yana zafi sai in dakata ya huce.

Toh yanzu ga wanda ya cinye min sati biyu. Bol ɗin da ya ratsa bushin na baya a lowa-am na hagu, wato robar da ke inda lowa-am ya haɗu da birakit, ƙarfen jikin mota da ke riƙe shi. Notinsa mai mili 19 ya fita lafiya lau har na fara murna, sai bol ɗin ya ƙi zarewa. Na buga, shiru. Na sa sifana a kansa na juya, sai naji yana tafiya kamar kwatan zagaye sannan in na saki ya dawo da kansa kamar an ja roba. Anan ya kamata in tsaya in yi tunani amma ban tsaya ba, na ɗauko faif mai tsawon mita 1 na zura a hannun sifanar. Ku lissafa, kilo 30 na nauyinka a ƙarshen mita 1 kusan Nm 300 ne, ƙarfin ba kaɗan bane, amma duk a banza ya tafi domin ba zare ne ya kama ba. A cikin bushin akwai ɗan bututun ƙarfe da bol yake bi ta ciki, ruwa ya shiga tsakaninsu shekara da shekaru, ita kuma tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki da yawa, sai ta kumbura ta cika wurin ta haɗe su sun zama abu guda. Dawowar da yake yi robar bushin ce nake murɗawa. Da na ƙara matsawa sai robar ta yage, daga nan bol da bututu suka riƙa juyawa tare sakayau, kai kace ya kwance, amma bututun ya fi ramin birakit faɗi ba ta inda zai wuce.

Wannan shi ne abin da nake so kowa ya riƙe, kafin ka ƙara ƙarfi ka gano a ina ne abin ya kama. In a zaren noti ne, mai da zafi da dogon hannu suna aiki. In a cikin bututun bushin ne, man ma da kyar yake isa tsakiya, kuma hannunka zai gaya maka, juyawa mai laushi da take dawowa ba irin taurin zare bane. Akwai kuma na uku, bol na ƙarfe a cikin alminiyam, wanda zaka ga farar hoda a bakinsa, wannan ƙarfe biyu ne daban suka ci juna saboda danshi, shi kuma ba a gasa shi kamar baƙin ƙarfe tunda alminiyam baya yin ja ya gargaɗe ka, a wajen digiri 660 yake narkewa kuma tun kafin nan ya yi rauni.

Maganar wuta, na yi amfani da ita a noti ɗaya tak, na tayarod (sandar da ke kai juyin sitiyari zuwa taya), kuma ta yi aiki cikin minti biyu. Notin ake gasawa ba bol ɗin ba, ya buɗe ya fasa tsatsar. Amma ku duba abin da ke kewaye kafin ku kunna, tiyon birki, wayar ABS, robar shaf, layin fetur, duk suna nan kusa. Shokozoba kuwa kar wuta ta je kusa da ita sam, akwai mai da iskar gas a matse a ciki. Ku goge man da kuka fesa tukuna. Kuma wallahi kar a fesa maganin wanke birki a wuri sannan a gasa, mai sinadarin kulorin a ciki in ya haɗu da zafi yana fitar da hayaƙi mai guba da ake kira fosjin. A bushin ban sa wuta ba, roba ce zata kama tana hayaƙi a ƙarƙashin mota ni kuma ina kwance a wurin.

Da na haƙura na yarda yankewa za a yi, minti 40 ya ishe ni. Zarton lantarki mai kai da komo na ara, na zura ruwan a 'yar tazarar da ke tsakanin bushin da birakit, na yanke ta nan na yanke ta can, lowa-am ɗin ya faɗo da tsakiyar bol ɗin a cikinsa. Ruwan zarto biyu na kashe domin bol ɗin mai tauri ne. A hankali ake tafiya ana ɗiga mai, kuma ido a kan birakit kar a ci shi, shi ne ba a canzawa da sauƙi. Duk wannan motar tana kan jak-stan guda biyu ga taya a kwance ƙarƙashin bodi, irin jijjigar da ake yi da faif ɗin nan jak kaɗai ba abin yarda bane.

Sabon bol ku duba lambar da ke kansa. Nawa 10.9 aka rubuta, kar wani ya ba ku 8.8 yace ai tsayi ɗaya ne kauri ɗaya ne, ƙarfinsu ba ɗaya ba. Bol ɗin da aka gasa har ya yi ja shi ma ba na mayarwa, haka noti mai roba a ciki, sau ɗaya ake ɗaura shi. Na shafa man hana kamawa a jikin bol ɗin daidai inda zai zauna cikin bututu, amma zaren na bar shi a bushe, saboda adadin ɗaurin da ke littafin mota yawanci na busasshen zare ne, in ka shafa mai a wurin zaka wuce ƙima baka sani ba.

Yanzu komai yana wurinsa amma bol ɗin bushin ɗaurin hannu kawai na yi musu. Gobe in Allah ya kaimu zan sauke motar ta zauna da nauyinta sannan in ɗaure su da tok-renci (sifana mai auna ƙarfin ɗauri), in ka ɗaure tana rataye robar zata zauna a murɗe ta yage da wuri. Daga nan sai alaimen, wato daidaita saitin tayoyi, tunda na taɓa tayarod. Na leƙa ƙafar baya kuma naga bol huɗu masu irin wannan bushin, tun yau na kankare su na fara fesa mai, kuma sai na sayi sabbin bol na ajiye kafin in sa musu sifana.